Manajan riƙon ƙwarya a masana'antar sabulu da man girki: ina za a samo shi, kuma me za a sakar masa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Garwa a Arewacin Kamaru ya rubuto cewa mahaifinsu yana da masana'antar sabulun wanki da ɗura man girki a kwalba da galan, suna kai kaya daga Ngaundere har Kuseri, wani lokaci a tsallaka da shi Njamena. Daraktan da ya riƙe musu kamfanin shekara da shekaru ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce sai ya huta na dogon lokaci. Alhaji ya manyanta. Shi kuma mai tambayar bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya ce bai kai ya hau kujerar ba tukuna. Azumi saura 'yan watanni. Bankinsu ya ba su shawarar su ɗauki babban manaja na riƙon ƙwarya. Yana tambaya: ina ake samun irin waɗannan mutane, yaya ake gane nagari, kuma nawa ake biyan su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba daraktanku lafiya, ya ƙara wa Alhaji nisan kwana. Shawarar bankin mai kyau ce, kuma na ji daɗin yadda ka faɗa da bakinka cewa ba ka kai ba tukuna, domin 'ya'yan masu dukiya ƙalilan ne suke iya faɗin haka. Sai dai akwai tambayar da ta fi naka uku nauyi, kuma ita ce ta farko. Ku zauna kai da Alhaji da duk wanda yake da kaso a kamfanin, ku amsa ta tsakaninku da Allah: wane aiki za mu ba mutumin nan, kuma wane iko za mu iya sakar masa da gaske? A aikin da na yi na nemo wa kamfanonin kayan masarufi manyan ma'aikata, tsakanin Duwala da Arewa, riƙon ƙwarya ya fi lalacewa ta wajen masu gida fiye da ta wajen wanda aka ɗauko.

Wannan sana'a ta fara kafuwa a ƙasar Holan tun cikin shekarun 1970, daga baya ta bazu Ingila da Faransa. Idan za ka nema a Duwala ko a intanet, sunan da za ka rubuta shi ne manager de transition. Ya bambanta da mai ba da shawara wanda zai zo ya rubuta rahoto ya tafi. Shi wannan zai zauna a kujerar ne, ya ba da umarni, ya sa hannu, a tambaye shi idan abu ya lalace. Ya kuma bambanta da darakta na dindindin, domin tun ranar da ya shigo an san ranar da zai fita. Galibi ana ɗaukar wanda ya fi ƙarfin kujerar, wanda ya taɓa riƙe kamfanin da ya fi naku girma, saboda babu lokacin koyo. Amfaninsa mafi girma shi ne ba ya kwaɗayin kujerar, don haka zai iya faɗa wa Alhaji gaskiyar da tsofaffin ma'aikata suke jin nauyin faɗa.

Tsohon daraktanku, na tabbata, shi ne mai lura da injin, shi ne mai magana da diloli, shi ne kuma mai sanin abin da ke banki. Haka kamfanonin gida suke. Ba za ku samu mutum ɗaya daga waje da ya ƙware a duka ukun ba. Akwai mutumin masana'anta, akwai mutumin kasuwa, akwai mutumin lissafi. Don ku san wanda kuke buƙata, ku fito da takardu uku a makon nan: jerin bashin da kuke bin diloli da tsawon kwanakin kowane bashi, lissafin kayan da ke sito a littafi a gefen abin da aka ƙirga da hannu, da adadin sa'o'in da injin ya tsaya a watannin baya da dalilin tsayuwar. Wadda ta fi tayar muku da hankali ita za ta nuna irin mutumin da za ku nema. A yawancin masana'antun Arewa da na sani, injin yana da shugaban masu gyara da zai iya riƙe shi, amma bashi da sito su ne suke zubar da kuɗi idan darakta ya kwanta. Idan naku ma haka ne, mutumin kasuwa mai ido a kan lissafi kuke nema, sannan ku ɗora masa akanta na waje ya riƙa dubawa.

Yanzu batun sanin ƙasa, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne takardun neman aiki suke yaudarar mutane. Za a kawo maka wanda ya yi shekaru a babban kamfani a Duwala ko Abijan, takardarsa ta cika da muƙamai. Ka tambaye shi ko ya taɓa sayar da kaya a sama da Ngaundere. Kasuwar Arewa daban take. Man ja da sinadaran sabulu da kwalaye daga kudu suke tahowa. Jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa, daga nan sai mota ta gangaro tsaunin nan ta yi kusan kilomita 280 kafin Garwa, ta ƙara sama da 200 zuwa Marwa, sannan hanyar Mora da Dabanga zuwa Kuseri wadda kowane direba ya san halinta da damina. Manajan da ya saba odar kayan aiki yau a sauke masa jibi zai bar injinku ba mai a tsakiyar azumi. Dole ya san cewa a nan ana ajiye kayan aiki na makonni, kuma kuɗin da aka ɗaure a wannan ajiya wani ɓangare ne na jarin kamfanin.

Sai wuta. Arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, wadda aka gina da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwan ya ja baya a ƙarshen rani sai a shiga rabon wuta. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage wahalar, amma duk mai masana'anta ya san janareta da man dizal suna cikin kuɗin kowane kwalin sabulu. Mutumin da bai iya lissafa maka nawa sa'a ɗaya ta janareta take ƙara wa kuɗin sabulu ba, bai san ribarku ba. Haka zafi. A watan Maris da Afrilu Garwa tana wuce digiri 40. Sabulun da aka yanka da nauyinsa daidai, idan ya yi makonni a sito cikin iskar hunturu ko zafin bazara, sai ya bushe, ya ragu, ya tsage a gefe. Matar da ta saba ɗaukar sa a hannu ta auna da tafinta za ta ce kun rage, alhali ba ku rage ba. Wanda ya yi aiki a Duwala mai danshi bai taɓa fuskantar wannan ba.

Ga kuma farashi. A kanti na unguwa kuɗin ƙarfe ne yake yanke farashi: dala biyar, dala goma, dala ashirin, wato sefa 25 da 50 da 100. Abin da ake sayarwa sefa 100 ba ya komawa 110, domin babu canji kuma mai saye ba zai yarda ba. Ko dai a rage nauyi, ko a rage ribar dila, ko a tsallaka zuwa 125 a yi asarar masu saye. Kowanne yana da illarsa, kuma ƙwararre zai iya zayyana maka ita. A kan man girki kuma ba ku da cikakken 'yanci, yana cikin kayan da ma'aikatar kasuwanci take sa ido a kan farashinsu, kuma tun 2011 doka ta wajabta a sa masa sinadarin bitamin A. Hukumar ANOR tana da ƙa'idojinta na inganci da na rubutun jikin kwalba. Kuna kuma gogayya da man Diamaor na kamfanin auduga Sodecoton, wanda ake tacewa a nan Garwa da Marwa kuma mutane sun saba da shi tun suna yara, da man da ke tahowa daga manyan matatun Duwala.

Sannan iyaka. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan Najeriya da ke shigowa ta Mubi da Banki da Gamboru suka yi arha a idon mai riƙe da sefa, sabulu da omo da taliya da sauransu. Manajan da yake duba farashin abokan gogayya na cikin gida kawai, bai duba canjin naira a kasuwa ba, rabin hoton yake gani. Lokutan ciniki ma nasu ne: azumi da sallah, komawar yara makaranta a Satumba, da lokacin da manoman auduga suke karɓar kuɗinsu a rani, wanda a nan ne kasuwannin ƙauye suke cika. Harshe kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ana rubuta takarda da Faransanci, amma bashi da Fulatanci da Hausa ake karɓo shi, a Kuseri da Njamena kuma da Larabcin Shuwa. Ban ce lallai sai ya iya duka ba. Amma idan bai iya ko ɗaya ba, duk abin da zai ji daga kasuwa sai ya bi ta bakin wani, kuma wannan wanin yana da nasa buƙatun.

To ina ake samun su? Hanya ta farko kamfanonin da suka ƙware a samar da manajojin riƙon ƙwarya. Akwai su a Faransa, akwai masu nemo manyan ma'aikata a Duwala da Abijan da Dakar. Amfaninsu sauri, da tantancewa, da alkawarin sauya maka mutum idan bai dace ba. Matsalarsu tsada, da kuma cewa mutanen da ke jerinsu kaɗan ne suka san Arewa. Hanya ta biyu ita na fi so wa kamfani irin naku: waɗanda suka yi ritaya ba da daɗewa ba. A tsarin CNPS, asusun fanshon ma'aikata, shekara 60 ake fara karɓar fansho, kuma mutum mai shekara 60 da ya riƙe sashen sayarwa ko masana'anta a Sodecoton, ko kamfanin lemo na Garwa, ko kamfanin masara na Maïscam a Ngaundere, ko reshen Arewa na wani babban kamfanin abinci, da sauran ƙarfinsa. Da yawansu suna nan cikin gari, sun gaji da zaman gida. Ba sa neman aiki a jarida, sai an je an same su. Makarantar ENSAI ta Ngaundere ta daɗe tana yaye injiniyoyin sarrafa abinci, tsofaffin ɗalibanta suna ko'ina a masana'antun ƙasar, kuma sun san junansu. Ka tambayi akantan da ke duba muku lissafi, musamman idan ɗan ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ONECCA ne, ka tambayi masu sayar muku da injin da kwalaye, ka tambayi shi kansa bankin da ya ba da shawarar. LinkedIn yana da amfani wajen ganin tarihin mutum, amma ba a nan za ka san halinsa ba.

Hattara ɗaya game da mutanen manyan kamfanoni. A can, mutum yana da sashen shari'a, da sashen ma'aikata, da sashen sayen kaya, kowa na jiran umarninsa. Wani kuma kayan da yake sayarwa diloli ne suke layi a kansu da kuɗi a hannu, bai taɓa roƙon mai kanti ya karɓi kwali biyu na gwaji ba. Idan ya zo wurinku, shi ne zai kira direban da motarsa ta lalace a hanyar Figil da tsakar dare. Ka tambaye shi kai tsaye yaushe rabonsa da ya karɓo bashi da kansa.

Gwajin da ya fi kowace hira a ofis shi ne ku biya masa kuɗin jirgi ya zo Garwa ya yi kwana biyu. Ranar farko ka kai shi babbar kasuwa, ka yi shiru, ka zuba ido. Nagari zai tsaya a rumfar 'yan sari, ya ɗaga sabulunku da na wani ya gwada nauyi, ya duba ranar da aka yi shi, ya tambayi mai shago nawa yake samu a kwali, wa yake kawo masa, kwana nawa ake ba shi kafin ya biya. Zai lura idan kayanku suna can ƙasan kanta ƙura ta rufe su. Wanda ya tsaya a bakin mota yana goge gumi yana kallon agogo, ka riga ka samu amsarka. Rana ta biyu ka kai shi sito. Na taɓa ganin wani da aka shigar sito cike da kwalaye an jera su reras har kusa da rufi, littafi ya ce komai daidai. Bai ce uffan ba, ya nemi tsani ya hau, ya leƙa ta sama, sai ga tsakiyar jerin rami ne, bango huɗu kawai aka gina da kwalaye. Wanda ya san wannan sana'a yana zare kwali daga tsakiya, yana ɗaga galan ya ji nauyinsa, yana gwada takardar fitar da kaya da littafin mai gadi. Daga ƙarshe ka ba shi jerin bashin diloli, ka rufe sunayen, ka ce ya faɗa maka abin da zai yi a makon farko. Idan ya ce zai tsayar da bashi gaba ɗaya, bai san kasuwarmu ba. Idan ya ce babu komai, haka ciniki yake, zai ƙarar da ku. Amsar mai hankali tana tsakani: ya raba masu jinkiri da masu cin amana, ya sa wa kowa iyaka, ya ɗaure sabon kaya da biyan wani kaso na tsohon bashi.

Wajen binciken hali, sunayen da ya ba ka da kansa yabonsa za su yi. Ka nemi dilan da ya yi hulɗa da shi, da mai sito da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da mai motocin da ya riƙa ɗaukar masa kaya. Tambaya ɗaya ta isa: ya taɓa neman wani abu a hannunka kafin ya ba ka kaya ko kwangila? A Arewa ba a rasa wanda ya san wani. Ka kuma binciki ko shi ko iyalinsa suna da shagon sari ko motocin haya a wannan harka. Ba laifi ba ne, amma ya faɗa tun farko a rubuce.

Batun takarda. Hanya uku ce, kuma ku sa lauya ya duba wadda kuka zaɓa. Ta farko ku ɗauke shi ma'aikaci da kwantiragi mai wa'adi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 14 ga Agusta 1992 ta ce irin wannan kwantiragi ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Abin da mutane suke mantawa shi ne ba a katse shi kafin wa'adi sai da babban laifi, ko abin da ya fi ƙarfin kowa, ko yardar ɓangarorin biyu a rubuce. Idan kun rubuta wata 12 kuka gane a wata na biyu bai dace ba, kun ɗaure kanku. Don haka ku rubuta lokacin gwaji a ciki, ko ku fara da wata 6 ku sabunta. Ta biyu ku yi kwangilar aiki da kamfaninsa ko kamfanin da ya turo shi, ya riƙa kawo takardar neman biya duk wata. Wannan ta fi sauƙin rabuwa, amma a rubuta ta da kyau, domin idan rikici ya kai gaban sufeton ƙwadago ko kotu, yadda aka yi aikin za a duba, ba sunan da aka sa wa takardar ba. Ta uku ku naɗa shi shugaban kamfani a hukumance ƙarƙashin dokar OHADA, dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka suke bi, a sa sunansa a rajistar kasuwanci. Wannan ban ba ku shawararta ba. A dokar, iyakokin da kuka sa wa shugaban kamfani a cikin gida ba sa zama hujja a kan mutumin waje da ya yi hulɗa da shi da zuciya ɗaya. Idan ya ci bashi da sunan kamfani, ku za ku biya. Gara Alhaji ko kai ku riƙe wannan matsayi, a ba shi takardar wakilci da ta fayyace abin da zai iya sa wa hannu da iyakar kuɗin, a banki kuma a sa hannu biyu daga wani adadi zuwa sama.

Za ku so ku hana shi komawa wurin abokin gogayya da sirrinku. Ku sani dokar ƙwadago ta taƙaita wannan sosai ga ma'aikaci: a wasu yanayi kaɗan ne sharaɗin yake aiki, kuma ba ya wuce shekara 1 da kewayen kilomita 50. Abin da zai fi kare ku shi ne sharaɗin riƙe sirri, da kuma kada ku ba shi abin da aikinsa bai buƙata ba, kamar cikakken haɗin sabulun.

Idan baƙo ne ba ɗan ƙasa ba, kwantiraginsa sai ma'aikatar da ke kula da samar da aiki ta buga masa hatimi kafin ya fara, kuma tun dokar kasafin 2023 ana biyan kuɗin wannan hatimi gwargwadon albashinsa, na wanda ba ɗan Afirka ba albashin wata biyu ne. Ku sa wannan da jinkirinsa a lissafi. Idan kuma za ku tura shi ya zauna a Njamena ya kula da reshe, shiga Chadi ba biza ga ɗan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, ba izinin aiki ba ne. Can akwai tasu dokar ƙwadagon ta 1996, kuma hukumar ONAPE ce ke kula da izinin ma'aikata baƙi.

Kuɗi kuwa, ka shirya jin adadin da ya fi albashin tsohon daraktanku nesa ba kusa ba, kuma kada hakan ya ba ka haushi. Mutumin ba shi da tabbacin aiki bayan ku, ba shi da kuɗin sallama, kuma gaggawarku yake saya. Kamfanonin waje da kwana suke lissafi, 'yan gida sun fi son na wata. Ka nemi farashi daga wuri uku ka gwada, kuma ka haɗa duka abin da zai fita daga aljihunku: gida mai na'urar sanyaya ɗaki, mota da mai, jirgin zuwa ganin iyali, inshorar lafiya. Idan ta takardar neman biya ce, harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da ayyuka, a Kamaru 19.25% ne, wato a kan kowace miliyan 1 akwai ƙarin sefa 192,500, sai akantanku ya faɗa muku ko za ku iya cire shi daga wanda kuke biya.  Idan kamfanin waje za ku biya, akwai harajin da ake cirewa daga kuɗin aikin da ake turawa ƙetare, wanda asalinsa 15% ne sai inda yarjejeniyar haraji ta rage, kuma tun da ƙa'idojin canji na BEAC, babban bankin yankin, suka fara aiki a 2019, tura kuɗi waje yana son takardu da haƙuri. Ku rubuta a fili wa zai ɗauki wannan haraji.

Wurin da nake roƙonka ka kula shi ne ladan ƙwazo. Kada ku ɗaure shi da yawan kayan da aka fitar. Mutumin da ya san zai tafi nan da wata biyu, kuma ladansa a kan fitar da kaya yake, zai cika shagunan diloli da kaya bashi, lissafi ya yi kyau, ya karɓi kuɗinsa ya hau jirgi. Ku kuma ku yi wata huɗu ba wanda ya yi oda, ga bashi ya taru, ga man ya fara tsufa a shagunan mutane. Ku ɗaure ladan da kuɗin da ya shigo banki, da raguwar tsohon bashi, da daidaituwar sito da littafi. Wani kaso kuma a riƙe shi sai wata uku bayan tafiyarsa.

Mu koma kan iko. A kamfanin gida akwai abubuwan da ba a rubuta ba. Akwai baffan da yake aiko yaro da baki a ba shi kwali goma. Akwai dilan da suka yi aikin hajji tare da Alhaji, wanda ba a taɓa tambayarsa bashi ba. Akwai mai sito da ya goya ka kana yaro. Ranar da manajan ya ce ba kayan da zai fita sai da takarda, duk waɗannan gidan Alhaji za su nufa bayan sallar isha'i. Idan Alhaji ya ɗaga waya ya ce a ba su, sau ɗaya tak, aikin ya ƙare, saura biyan albashi kawai. An ce jirgi ɗaya ba ya tafiya da matuƙa biyu. Ban ce Alhaji ya yanke zumunci ko ya daina alheri ba, Allah ya kiyaye. A ware masa wani adadi na kaya duk wata da sunansa, a rubuta, ya ba wanda ya ga dama. Diloli na amana kuma a zauna a rubuta sunayensu da iyakar da aka yarda da ita tun kafin baƙon ya zo. Kuma Alhaji da kansa, ba kai ba, shi zai tara ma'aikata ya gabatar da shi, ya ce maganar wannan maganata ce har zuwa wata kaza, sannan ya ɗauke shi ya kai shi gaisuwa wurin manyan diloli. A wurinmu wannan gaisuwa ta fi takardar wakilci ƙarfi.

Kada kuma ku ɗauko shi don ya zama wuƙar da za ku yanka waɗanda kuke jin kunyar kora. Ma'aikata suna ganewa, kuma bayan ya tafi ku za ku zauna da su. Ban da haka, rage ma'aikata saboda matsin tattalin arziki yana da matakai a doka, sai an zauna da wakilan ma'aikata da sufeton ƙwadago, shi kuma wakilin ma'aikata ba a korar sa sai da izinin sufeto. Idan akwai ɓarawo, a kama shi da hujja. Idan akwai wanda aiki ya fi ƙarfinsa, a sauya masa wuri.

Ranar da zai fara, a ƙirga komai a gabansa da gaban akanta na waje: kayan sito, kayan aiki, kuɗin akwati, bashin da kuke bi da wanda ake bin ku, kowa ya sa hannu. Wannan kariya ce gare shi da ku. Ku ba shi mako uku ya duba, ya kawo muku rubutaccen bayani na abin da ya gani da abubuwa uku ko huɗu da zai sa a gaba. Kada su wuce haka. Bayan nan zama ɗaya a mako da kai, ɗaya a wata da Alhaji, mutum ɗaya kuma yake ba shi umarni. Tunda azumi ya matso, aikinsa na farko a bayyane yake: odar man da kwalabe da kwalaye ta tashi daga kudu tun yanzu, a gyara janareta, a karɓo bashi don a samu kuɗin sayen kayan. Sauya tsari da sabuwar manhajar lissafi su jira bayan sallah.

Kai kuma, ƙanena, ka sa a cikin kwantiragin cewa koyar da kai yana cikin aikinsa, a kuma ɗaura wani kaso na ladansa a kai. Teburinka ya kasance a ofishinsa. Ka bi shi kasuwa, ka zauna idan yana ciniki da masu motoci, ka ji yadda yake ce wa babban dila a'a ba tare da ya ɓata masa ba. Duk abin da ya gyara a rubuta shi, lambobin mutane su shiga wayar kamfani, ba tasa ba. Idan ka ga ko bayan wa'adin ba za ka iya ba, ku fara neman darakta na dindindin tun tsakiyar wa'adin, domin nagari yakan buƙaci watanni kafin ya bar inda yake. A makonni shida na ƙarshe ku yi musayar kujera: kai ko wanda aka zaɓa yake yanke hukunci, shi yana gefe yana gyara. Game da tsohon daraktanku kuma, ku je ku same shi a gida ku faɗa masa abin da ake ciki kafin ya ji a bakin wasu, ku bayyana masa matsayinsa idan ya warke, kuma idan likita ya yarda, ku kai masa sabon ya gaishe shi. Akwai alkawuran da ya yi wa diloli da baki waɗanda babu su a kowane littafi, shi kaɗai zai iya faɗa muku su.